Wa Zai Ceto Wanda Ya Maƙale a Sama?

A littafin After the Flare na Deji Olukotun, wanda ya fito a 2017, tartsatsin rana ya kashe lantarkin yawancin duniya, Najeriya, daga wani sansani a Kano, ta ɗauki nauyin ceto wata 'yar sama-jannati da ta maƙale a sama. Shugabanci a labarin amana ce ta ran wani, ko da baƙo ne. Wasu za su ce almara ce, ga yunwa a gida. To, ai tauraron NigeriaSat-1 na hukumar NASRDA ta Abuja ya ɗauko hotunan ɓarnar guguwar Katrina a 2005. Ya kamata gwamnati ta ba hukumar kuɗin hango ambaliya kafin ta ci garuruwanmu.