Jawabi A Kan Ɗakin Ɓerayen Masar

Yau zancenmu a kan ɓeran Masar ne, da filin da ya kamata a ba shi idan garke ya yi yawa.

Ko da yake ana ce masa na Masar, asalinsa daga duwatsun Amurka ta Kudu ne. Dabba ce mai zaman ƙasa, ba gwanar hawa ba ce. Saboda haka faɗin daɓe shi ne abin lura, ba tsayin bango ba. Makiyayan ƙasar Peru sukan gina akurki mai tsawon mita 1 da rabi, faɗinsa mita 1, su sa namiji 1 da mata kamar 7. In garke ya fi haka, sai a gina wani akurkin, kada a cusa su wuri guda.

Ku tuna fa, mace takan haihu bayan kwana 68 ko kusa da haka, 'ya'ya mata kuwa suna iya ɗaukar ciki tun suna da wata 1. Wanda ya fara da goma, kafin shekara ta zagayo sai ya ga ɗaki ya cika. Cunkoso shi ke kawo faɗa tsakanin maza, da tattake jarirai, da ciwon huhu saboda warin fitsari.

Don haka ku ware 'ya'ya maza da zarar an yaye su. Kada ku yi daɓe da waya, gama tana ji musu ciwo a ƙafa; ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa, kuna canja ta a kai a kai. Akurki kuma ya kasance a inuwa, domin zafi yana kashe su. Ku gina ɗaki tun haihuwa ba ta zo ba. Allah Ya sa albarka, amin.