Kunne Ya Girmi Kaka: Yadda Za Mu Shirya Ƙannenmu Don Jarrabawar Sauraron Kiɗa

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, wanda yake koyar da darasin kiɗa, ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara.



Ina godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ba ni wannan dama. An nemi in yi magana a kan abin da na sani, ni kuwa abin da na sani shi ne koyar da kiɗa. Saboda haka zan taƙaita a kan ɓangare ɗaya na jarrabawar kiɗa ta hukumar WAEC, wato jarrabawar sauraro, wadda ita ce ta fi firgita ɗalibai, alhali ita ce ya kamata ɗan Bahaushe ya fi kowa samun sauƙinta.

Ga waɗanda ba su taɓa zama wannan jarrabawa ba, ga yadda take. Ana zaunar da ɗalibai a ɗaki, a kunna musu sautin da aka ɗauka, su kuwa ba su da komai sai takarda da fensir da kunnuwansu. Akwai shifta irin wadda malamanmu na Hausa suka yi mana a aji ɗaya, sai dai a nan ba kalmomi ake rubutawa ba. A shifta ta farko ɗalibi zai rubuta karin bugu, wato tsawo da gajartar kowane sauti. A ta biyu zai rubuta hawa da saukar murya. Akwai inda za a kaɗa muryoyi biyu tare, a ce ya ware ɗaya ya rubuta. Akwai kuma gane haɗin sautuka, da gane yadda aka rufe jimlar kiɗa, da lura da inda kiɗa ya sauya mazauni, da gane irin kiɗa da kayan da aka kaɗa. Kowace tambaya ana maimaita ta sau ƙayyadadde, daga nan a wuce. Babu komawa baya, babu kuma haddar da za ta ceci mutum.

To me ya sa na ce ɗan Bahaushe ya kamata ya fi kowa? Domin harshenmu harshe ne mai karin sauti. Yaro ɗan shekara 5 yana bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya, yana bambanta wuya na jiki da wuya ta wahala, ba da komai ba sai da hawa da saukar murya. Wannan shi ne ainihin abin da shiftar murya take nema. Haka kuma makaɗin kalangu yana matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, har mahauta su ji kirarinsu ba tare da an furta kalma ba. Kakakin fada galibi sauti biyu yake fitarwa, tazarar da ke tsakaninsu kuwa irin ta do da so ce, wadda littattafan kiɗa suke kira tazara ta biyar. Yaron da ya tashi yana jin luguden mata a bakin turmi ya san kari tun kafin ya san alli. Kunnen yana nan. Abin da ya rage shi ne a koya masa sunan abin da yake ji da yadda ake rubuta shi.

Ga matakan da nake ba da shawara a bi.

Na farko, a fara da baki kafin takarda. Tsarin do, re, mi, fa, so, la, ti, wanda John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, shi ne tsani mafi sauƙi. Ɗalibi ya riƙa rera shi sama da ƙasa, sannan yana tsallake, daga do zuwa mi, daga do zuwa so, daga so zuwa do na sama. Abin da mutum bai iya rerawa ba, da wuya ya iya rubuta shi. A nan akwai wani tarko. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka 5 suke tafiya, tsanin Turawa kuwa 7 ne. Saboda haka fa da ti su ne baƙi a kunnen yaranmu, domin ratar da ke tsakanin mi da fa, da wadda ke tsakanin ti da do, rabin mataki ce kawai. A ba waɗannan wurare biyu lokaci na musamman.

Na biyu, kari. Kafin ɗalibi ya rubuta komai, ya nemo bugun da ke ƙasa, ya taka shi da ƙafa, ya tantance ko biyu-biyu ake ƙirgawa, ko uku-uku, ko huɗu-huɗu. A sauraro na farko kada ya taɓa fensir. A na biyu ya ɗiga alamomi, a na uku ya cike, na ƙarshe kuma ya duba. Mai gaggawar rubuta sauti na farko yakan rasa na biyar da na shida.

Na uku, rufewar jimla. Wannan kamar alamomin rubutu ne. Idan haɗi na 5 ya faɗa kan na 1, magana ta ƙare, aya ke nan. Idan aka tsaya a kan na 5, waƙafi ne, da sauran magana. Daga na 4 zuwa na 1 rufewa ce mai taushi. Daga na 5 zuwa na 6 kuwa, kunne yana jiran aya sai aka kauce masa. Ɗalibi ya saurari sautin da ya fi kauri, na can ƙasa, domin shi ne yake tona asirin haɗin.

Na huɗu, faɗaɗa sauraro. Ya kamata yaro ya ji kiɗan Bach da Handel da Mozart da Beethoven, ya ji na Fela Sowande na Nijeriya da Ephraim Amu na Gana, ya san muryar kowane kayan kiɗa. Amma kada ya raina na gida. Ya bambanta kalangun Mamman Shata da kotson Musa Ɗanƙwairo, da kuntigin Ɗan Maraya Jos, da gurmin Haruna Uji, da ƙwaryar Barmani Coge. Wanda ya iya gane gindin waƙa duk lokacin da 'yan amshi suka dawo da shi, ba zai kasa gane jigon kiɗan Bature ba idan ya sake zagayowa.

Na biyar, lokaci. Minti 15 kullum sun fi awa 3 a daren jarrabawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Taken ƙasa da ake rerawa kowace safiya, wanda aka dawo da shi a 2024, ya isa abin gwaji: a sa ɗalibai su rubuta shi da do, re, mi. A kuma ja musu kunne game da ƙure ƙarar waya a cikin kunne, domin jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

'Yan uwa, yanzu na zo kan abin da ya shafe mu. Duk waɗannan matakai ba sa yiwuwa da allo da alli kaɗai. Yaron da bai taɓa jin an danna sautuka uku tare a fiyano ba, yaya za a yi ya gane su a ɗakin jarrabawa? Zai faɗi, a ce ba shi da ƙwaƙwalwa, alhali kayan aiki ya rasa. Faɗuwar kuma tana rufe masa ƙofa. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka tana da sashen kiɗa tun 1961, ƙungiyar MUSON da aka kafa a Legas a 1983 tana horar da makaɗa, ga ƙungiyoyin badujala na soja da 'yan sanda, ga gidajen rediyo da masana'antar fina-finan Hausa. Duk suna bukatar mai kunne da ya iya karatu da rubutun kiɗa.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abubuwa uku. Mu saya wa makaranta ƙaramin fiyano mai aiki da batir, da lasifika mai kyau, tun da ba kullum ake samun wuta ba. Mu nemi alfarmar shugaban makaranta ya ware ɗaki guda nesa da hayaniya. Sannan waɗanda suka san fannin a cikinmu su ɗauki nauyin zuwa ranar Asabar, bi da bi, su yi wa ɗalibai gwajin jarrabawa yadda take a zahiri. Ni na sa sunana a farkon takarda, tana wajen sakatare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malamanmu, ku kuka koya mana sauraro kafin magana, ba mu da abin biyanku sai addu'a. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Allah ya bar zumunci, ya mai da kowa gidansa lafiya.