Masu Share Filin Jirgi

Mu a nan Dawaki, in an ce filin jirgi, sai mu tuna da na Lawanti mai kwalta. Amma akwai wani iri. A Galmi ta ƙasar Nijar, inda SIM ta buɗe asibiti a 1950, ƙananan jiragen mishan sun yi shekaru suna kawo likitoci daga Yamai.

A filayen karkara matuƙi ba ya sauka kai tsaye. Sai ya kewaya tukuna, ya ga inda iska ta nufa, ko ruwa ya ci ƙasa, ko awaki sun shiga. Kafin tashi ana auna kaya har da fasinja, gama da zafin rana jirgi ba ya ɗagawa da sauƙi.

To, wa ke cike ramuka, ya sare ƙaya, ya kori dabbobi? Mutanen gari ne, ba a ma san sunayensu ba. A ganinmu aikinsu bai gaza na matuƙi ba: rami guda ya isa ya karya ƙafar jirgi, mara lafiya kuwa yana jira.

Ishaya 40:3 yana maganar shirya hanya cikin jeji. Mu buɗe wurin, mu karanta tare.