Ƙasar Da Ke Manne Da Saiwa



In mutum ya tuge gyaɗa ko gero ya karkaɗe, zai ga wata 'yar ƙasa ta ƙi rabuwa da saiwa. A kanta zan yi magana yau. Kaurinta bai wuce 'yan milimita ba, amma daga cikinta shuka ta ke cin abincinta. Wani Bajamushe, Lorenz Hiltner, shi ya fara laƙaba mata suna a 1904.

A ɗakin gwaje-gwaje akan karkaɗe saiwa a hankali, a ware ƙasar da ta zube, sa'an nan a goge wadda ta manne da burushi. A shanya kowace dabam, a tankaɗe da rariya mai ido milimita 2. Tsamin ƙasa akan auna shi da na'urar pH, bayan an dama ƙasar da ruwa. Naitirojin kuwa ana bin hanyar Kjeldahl ta 1883, watau a dafa ƙasa cikin asid mai ƙarfi, a fitar da amoniya a auna. Fosfaras, in ƙasar mai tsami ce, sai hanyar Bray ta 1945. In mai kanwa-kanwa ce, sai ta Olsen ta 1954.

Akwai kuma dabarar gani da ido. Akan kwantar da saiwa a kan agar, wani abu mai daskarewa kamar kafaffen koko, wanda aka zuba wa rini mai sauya launi. Shukar da aka ba amoniyam takan tsamama gefen saiwarta, rinin ya koma rawaya. Wadda aka ba naitiret, gefenta ya koma shunayya. Ashe saiwa da kanta ta ke gyara wurin zamanta.

To, ina amfanin wannan wahala? Fosfaras ba ya tafiya cikin ƙasa sai da ƙyar. Saiwa takan cinye na kusa da ita, wajen milimita 1 ko 2, alhali na nesa yana nan kwance. Ga shi kuwa yawancin gonakinmu na Arewa suna ƙarancinsa, taki kuma da tsada. Saboda haka ku da za ku zama malaman gona, kada ku tsaya ga faɗa wa manomi buhu nawa zai saya. Ku nuna masa ya binne takin inda saiwa za ta kai gare shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka.