Jirgin Sama Mai Taya Uku: Ƙirarsa, Ire-irensa da Amanar Mai Haɗa Shi



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne wani ɗan ƙaramin jirgin sama mara nauyi, mai taya uku, wanda akan saya guntu-guntu a cikin akwati, mutum ya kai gida ya haɗa abinsa. Da jin haka wani zai ɗauka wasan yara ne. Amma a ganinmu jirgi ne mai cike da darasi ga ɗalibin injiniya, domin an rage masa kaya har ya zamana duk abin da ya saura a jikinsa, ran matuƙi a kansa ya rataya.

Asalin fiffikensa daga wani injiniyan Amurka ne, Francis Rogallo, wanda shi da matarsa Gertrude suka nemi rajistar wani fiffike na ƙyalle a 1948. Hukumar NASA ta gwada shi a farkon shekarun 1960 don sauko da kumbon Gemini, daga bisani ta koma ga laima. A 1963 wani mutumin Ostireliya, John Dickenson, ya ƙara masa sandar riƙo mai kusurwa uku, mutum ya rataya a ƙarƙashi yana sarrafa shi. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 sai masu shawagi a Faransa da Ingila suka ɗaura masa keke mai inji, aka huta da gudu daga kan dutse kafin a tashi.

Jirgin nan kashi biyu ne. A sama akwai fiffike, wato bututun alminiyam da aka shimfiɗa wa ƙyallen Dacron, aka zura masa 'yan sanduna kamar haƙarƙari, aka ɗaure da wayoyin ƙarfe. A ƙasa kuwa akwai keke mai ɗauke da kujera da tankin mai, da inji a baya wanda farfelarsa ke tura jirgin gaba. Tayar gaba da ƙafa ake juya ta. Abin da ya haɗa kashi biyun nan ƙusa ɗaya ce a kan wani dogari, sai kuma igiyar ko-ta-kwana a bayanta.

Wutsiya kuwa babu. Bakunan fiffiken an ja su baya, an kuma ɗan murɗa su, su ne ke yin aikin wutsiya. Matuƙi na riƙe da sanda, da ita yake karkata nauyin keken. In ya tura ta gaba, hanci ya ɗaga, gudu ya ragu. In ya jawo ta, hanci ya sunkuya, gudu ya ƙaru. In zai juya dama, sai ya kai ta hagu. Wannan kishiyar abin da matuƙin jirgi mai wutsiya ya saba ne, don haka ko gwani ne sai ya sake koyo.

Ire-irensa daga abu uku suka fito: doka, fiffike da inji. Dokar Amurka ta 1982, wadda ake kira sashe na 103, ta yarda mutum ya tashi ba lasin, muddin jirgin mai kujera ɗaya ne, nauyinsa ba mutum ba mai bai kai kilo 115 ba, tankinsa bai wuce lita 19 ba, gudunsa bai wuce kilomita 102 a sa'a ba. Wannan ta haifar da ƙananan nan waɗanda kusan ƙashi ne zalla. Mai kujera biyu, malami a baya ɗalibi a gaba, a Turai an daɗe ana tsayar masa da iyakar kilo 450 har da mutane da mai, kafin wasu ƙasashe su ɗaga ta zuwa 600.

Ta wajen fiffike, akwai mai ƙyalle falle ɗaya, wanda ke tafiya a hankali, yana sauka a ɗan fili. Akwai mai falle biyu da ke rufe bututun ciki, ya fi gudu amma ya fi nauyi da tsada. Wani yana da ɗan turke a bisa mai riƙe da wayoyi, wani an cire turken an tokare shi daga ƙasa don ya shiga rumfa mai gajeren rufi. Ta wajen inji, kamfanin Rotax na ƙasar Ostiriya ya yi fice: 503 mai ƙarfin doki 50, wanda an daina ƙera shi, da 912 mai ƙarfin doki 80, mai nauyi amma mai tsimin mai. Kowane zaɓi ciniki ne, abin da aka samu a gudu a nauyi ake biyansa.

Kada a raina abin da ya yi. A 1998 Brian Milton ya kewaya duniya da samfurin Pegasus Quantum. A 2004 Richard Meredith-Hardy ya ƙetare ƙololuwar dutsen Everest. Daga 2001 zuwa 2015 kuma da irinsa aka riƙa jagorantar wasu fararen tsuntsaye dangin gauraka daga jihar Wisconsin zuwa Florida, don koya musu hanyar ƙaura.

To, jama'a, ga inda amana take. A Amurka ba a yi wa jirgi rajistar haɗin gida sai mai shi ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa. Wanda ya sa ƙusar kasuwa a gurbin ta jirgi, ko ya ɗaura wa keke fiffiken da maƙerinsa bai amince da shi ba, kansa ya cuta, gama ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Haɗa jirgi daga akwati ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu, domin a Kaduna aka harhaɗa jiragen horo 60 na sojan sama, masu suna Air Beetle, bisa samfurin RV-6A na Amurka, ko da yake su masu wutsiya ne. Sai dai duk mai son kawo mai taya uku Arewa, lalle ya yi lissafin yanayinmu. Zafin bazara yana sa iska ta yi sako-sako, jirgi ya bukaci dogon fili kafin ya tashi. Rana tana cin ƙyallen fiffike, ƙurar hunturu tana toshe matatar inji, guguwar tsakar rana kuma tana iya kifar da shi.

Kiranmu ga 'yan'uwa shi ne mu fara da awo, da lissafin nauyi, da horo a hannun malami mai lasin, da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, sa'an nan mu yi zancen tashi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.