Sakkwato da Barno Bayan Yaƙin Fake: Darasi ga Masu Neman Sulhu Mai Ɗorewa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na 'yan'uwa, Rijiyar Zaki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai haɗa zukata bayan rarrabuwarsu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa muridai, tarihin wannan ƙasa ya adana labarin dauloli biyu na Musulmi waɗanda suka zare wa juna takobi, sa'an nan suka mayar da shi kube. Su ne Sakkwato da Barno.

A shekarar 1808 masu tutar jihadi ƙarƙashin Gwani Mukhtar suka ci Birnin Gazargamu, fadar Mai na Barno. Sai Allah Ya fito da wani malami, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu, ya tsaya wa Barno da takobi da alƙalami. Ya aika wasiƙu ga Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ɗansa Muhammadu Bello, Allah Ya ƙara musu yarda, yana neman hujjar yaƙar mutanen da ke salla da azumi da zakka. Ya nuna cewa saɓo, komai girmansa, ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Bello ya amsa da cewa sarakunan Barno sun taimaki sarakunan Hausa a kan Jama'a, kuma akwai yanka ga duwatsu da itatuwa a ƙasar. Abin lura, Bello bai ɓoye hujjojin abokin hamayyarsa ba. Ya rubuta su cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, har suka iso ga mutanen yau. Wannan adalci ne na malamai, wanda ya yi ƙaranci a wannan zamani.

Wasiƙu ba su kashe wutar nan take ba. A ƙarshen 1826 Shehu Laminu ya taso da runduna ya shigo ƙasar Kano, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Fatauci ya tsaya, manoma suka bar rumbunansu suka gudu cikin garuruwa masu ganuwa. A farkon 1827 Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi a Fake, aka gwabza, rundunar Barno ta juya gida.

Abin da ya biyo baya shi ne wurin darasi. Sakkwato ba ta bi shi zuwa Kukawa don ta wulaƙanta shi ba, shi kuma bai sake nufo Kano ba. Kowa ya san iyakar ƙarfinsa: Haɗejiya da Katagum suka tabbata a hannun Sakkwato, Gumel ta zauna a ɓangaren Barno. Shugabannin biyu suka rasu a shekara guda, 1837, ba tare da sun sake haɗuwa a fagen fama ba.

To, amma sarakuna iyaka kawai suka shata. Talakawa da almajirai ne suka ɗinke ɓarakar. Fatake suka riƙa kai tufafin Kano da rinin Kura gabas, suna dawowa da kanwa da dawaki. Maniyyata suka ratsa Barno zuwa Makka. Yaran ƙauyukan Kano suka riƙa tafiya gabas neman Alƙur'ani, su dawo alarammomi da gwanaye. Wanda ya haddace Littafin Allah a tsangayar Babarbare, da wane baki zai kafirta shi?

Ba a ce sulhun ya rasa miki ba. Barno ta mara wa Buhari na Haɗejiya baya lokacin da ya bijire wa Sakkwato, kuma a ƙarshen ƙarnin Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya addabi arewacin Kano zamanin Sarki Alu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: Rabe ya rushe Kukawa a 1893, Faransa ta kama Damagaram a 1899, Ingila ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Kowace daula ta fuskanci baƙo ita kaɗai, kuma ita kaɗai ta faɗi.

Ya 'yan'uwa, aya ta 9 cikin Suratul Hujurati ta kira ɓangarori biyu masu yaƙar juna muminai, ta yi umarni a sulhunta su da adalci. Fitinar da ta tashi a Barno tun 2009 ta nuna inda kafirta Musulmi ke kai al'umma: jini yakan fara halatta a harshe kafin ya zuba a ƙasa. Saboda haka sulhu mai ɗorewa yana tsaye kan duwatsun murhu uku: a kame baki daga kafirtawa, kada a tozarta wanda aka rinjaya, a bar hanyar kasuwa da ta makaranta a buɗe. Duk muridin da ya riƙe waɗannan a zawiyarsa da gonarsa da maƙwabtakarsa da makiyayi, ya yi aikin magabata.

Allah Ya jiƙan Shehu Usmanu da Sarkin Musulmi Bello da Shehu Laminu, Ya zaunar da Kano da Barno da sauran ƙasashen Musulmi lafiya, albarkar Annabi (SAW). Amin.