Jawabin mushen lakwal a taron ƙungiyar gari

Dattawa iyayenmu, da ku 'yan'uwa mazauna Maraɗi, Yamai da Kano.

Kuna tambaya me ke sa samarinmu barin kwaleji su bi motar Agadas neman zinariya. Ni dai na ce a dubi ajin fari. Ana buɗe lakwal cikin watan Oktoba, amma daga Agye har Gazawa da Gidan Rumji, ajin kara sai an gama girbin hatsi ake kafa shi. Yaro ya zauna ƙasa cikin ƙura, mushe na ta Faransanci, shi ko ba ya ji. Shekara 6 a haka, ya shiga kwaleji bai iya karanta wasiƙa ba. Kunya ke koro shi, ba ƙyuya ba. Ga tsoron wuta: gobarar ajin kara a Maraɗi, Nuwamban 2021, ta ci yara fiye da 20.

Roƙona, kuɗin da kuka tara bana a gina aji ɗaya na bulo, a sa tebura. Yashi da ruwa, mu na gida mun ɗauka.

Allah shi ba mu iko.